KEKE DA HULAR KWANO: AIKIN GAYYA DA KE JIRANMU A ASSAKIO

Ya ku 'yan uwana Hausawa mazauna Assakio da kewaye, da ma waɗanda neman halali ya kai su Lafia, Shendam, Makurdi da sauran garuruwan da ba can aka binne cibiyar kakanninmu ba. Yau ina so mu tattauna kan wata magana da na san wasu za su ce ƙarama ce, wato maganar keke da hular kwano. Ba Keke Napep nake nufi ba, a'a, keken hawa mai ƙafa biyu, wanda man da yake sha shi ne tuwon da ka ci da safe.

Ni dai ba mai zurfin karatu ba ne. Iyakata sakandare, sauran karatun kuwa a rumfar mahaifina na yi shi, tsakanin buhunan riɗi da na agushi. Amma zaman rumfa yana koya wa mutum lissafi, kuma lissafin da na yi ya nuna mini abu biyu. Na farko, lokaci ya yi da keke zai dawo gidajenmu da mutuncinsa. Na biyu, kada ya dawo shi kaɗai, ya dawo tare da hular kwano, kuma kada mu zauna jiran gwamnati ko ɗan siyasa ya kawo mana su. Mu da maƙwabtanmu da muke cin kasuwa ɗaya ne za mu haɗa hannu mu yi wannan aiki, kamar yadda ake gayya a gona.

ABIN DA YA SA SAI YANZU

Kowa ya san ranar 29 ga Mayu, 2023. A ranar ne Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta haura naira 1,000. Mu da muke zaune a gari irin Assakio mun ji abin a jikinmu fiye da mutanen birni, domin komai namu tafiya ce. Gona tafiya ce, makarantar sakandare ga yaron da ke ƙauye tafiya ce, asibiti tafiya ce, cin kasuwar Adogi ko Ashige ko Namu duk tafiya ce. Ɗan acaɓa kuwa, ko ɗan goyin kamar yadda ake faɗa a nan, ba laifinsa ba ne in ya ƙara kuɗi, shi ma saye yake yi.

To, wa ya fi shan wahala? Yaro ɗan makaranta. Uban da ke da 'ya'ya huɗu ba zai iya biya wa kowa kuɗin mashin zuwa da dawowa kullum ba. Sai yaro ya taka a ƙasa, ya isa an riga an rufe ƙofa, a yi masa bulala, ya zauna a aji yana gyangyaɗi. Yau ya je, gobe bai je ba, jibi uban ya ce to zo ka tsaya mini a rumfa. Haka karatun yara da yawa yake mutuwa, ba don ƙwaƙwalwarsu ba ta ja ba, sai don ƙafa ta gaji. Idan kuwa yarinya ce, maganar ta fi nan sauri, domin babu uban da hankalinsa zai kwanta 'yarsa tana doguwar tafiya ita kaɗai a hanyar gona.

Mu yi lissafin rumfa. A ce, a misali, yaro yana kashe naira 500 kullum a mashin, zuwa da dawowa. A sati ɗaya na kwana biyar 2,500 ke nan. A zangon karatu mai sati goma sha uku ya haura naira 30,000, a shekara kuma ya kusa 100,000. Kowa ya saka nasa adadin ya gani. Kuɗin nan sun tafi ke nan, ba ka da abin da za ka nuna. Keke kuwa in ka saya ya zama kadara. Yayan ya hau ya gama, ƙanen ya gada, ranar da babu makaranta a ɗaura masa buhu a kariya a kai niƙa.

Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ku tambayi dattawa labarin Raleigh da Phoenix. A da, mai keke babban mutum ne, har lasin ake yanka masa a ofishin En'e a maƙala masa lamba, kuma in aka kama ka da dare babu fitila sai ka yi bayani. Da keke malamai suka riƙa zuwa makarantun ƙauye, da shi 'yan koli suka riƙa bin kasuwanni, da shi iyayen wasunmu suka fara tara jarin da muke tinƙaho da shi yau. Sai da kuɗin mai suka shigo, mashin ya yi araha, sannan muka fara kallon mai keke a matsayin wanda ya rasa. Yau samari sun gwammace su ci bashin kuɗin mashin da a gan su a kan keke. Wannan girman kai ne na banza, kuma tsadar mai ta fara sauke mana shi.

AMMA HANYAR YAU BA TA JIYA BA CE

Ga inda hular kwano ta shigo. Titin da ya taso daga Lafia ya ratsa garinmu ya nufi Shendam ba irin wanda kakanninmu suka hau keke a kai ba ne. Yau tirela ce, tifa ce, manyan motocin doya ne, ga ƙananan motocin haya masu gudu kamar ana binsu, ga mashina ta ko'ina. Ranar kasuwa kuwa sai wanda ya gani. Duk wanda zai ce wa yaro hau keke ka bi wannan titi, bai ba shi abin kare kansa ba, bai koya masa ƙa'idar hanya ba, to bai taimake shi ba.

Akwai labarin da ya kamata mu tuna. A 2001, ministan sufuri na lokacin Obasanjo, marigayi Ojo Maduekwe, ya riƙa kiran 'yan Najeriya su koma hawan keke, har shi da kansa ya riƙa hawa zuwa aiki a Abuja. Ana cikin haka wata bas ta ture shi ya faɗa kwata. Mutane suka yi ta dariya, maganar keke ta bi ruwa. Amma in ka duba, shawararsa ba ta da laifi. Abin da ya ɓata ta shi ne an ce a hau keke ba a tanadi tsaron mai hawa ba. Idan minista bai tsira ba, ina ga ɗan talaka?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2023 cewa mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, fiye da rabinsu kuma masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu mashin. Ta ce a duniya babu abin da ya fi haɗarin hanya kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29, kuma nahiyarmu ta Afirka ce kan gaba in an kwatanta da yawan jama'a. Game da keke kuwa, wasu masana a Ostireliya sun tattara bincike 40 a 2016, wanda ya shafi masu keke fiye da 64,000, suka gano cewa hular kwano tana rage mummunan rauni a ka da kusan kashi 70 cikin 100.

Ko ba a kawo alƙaluma ba, mu da kanmu mun sani. Ƙafa in ta karye akwai mai ɗori, hannu ma haka. Amma kai ba shi da ɗori. Wanda ya bugu a ka sai an ɗauke shi zuwa Lafia, wani lokaci daga can a ce a wuce Jos ko Abuja don hoton ƙwaƙwalwa, kuma kafin a isa an sayar da akuya, an taɓa jari, an ci bashi. Wani ya rasu a hanya, wani ya tashi amma ba shi ne na da ba: magana ta sauya, mantuwa ta kama shi, ko farfaɗiya. Kowa a cikinmu in ya yi shiru zai tuno da wani. Kuɗin hula ɗaya bai kai kuɗin motar da za ta kai majinyaci Lafia ba.

DARASIN ƘWARYA

Wani zai ce ai akwai doka, a bar jami'ai su yi aikinsu. To mu tuna abin da ya faru a ranar 1 ga Janairu, 2009, lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa ta fara tilasta wa masu mashin da fasinjojinsu saka hular kwano. Me aka gani? A Kano da wasu garuruwa 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya a ka su ɗaure da igiya, wasu bokitin fenti, wasu tukunya. Har kafafen labarai na ƙasashen waje suka ɗauka, duniya ta yi mana dariya. Farashin hula ya yi tashin gwauron zabo, aka kama mashina, aka yi ta rigima, bayan 'yan watanni kowa ya koma gidan jiya.

Me ya sa abin ya faskara? A ganina dalili uku ne. An kawo doka kafin a kawo hula mai araha. An kawo tara kafin a kawo bayani. Sannan ba a bi ta hannun mutanen da jama'a ke jin maganarsu ba. Mutumin da ya saka hula don tsoron jami'i zai cire ta da zarar ya wuce shinge. Wanda ya saka don ya yarda tana kare shi, ko a hanyar gona zai saka, inda babu mai ganinsa sai Allah.

Ku kwatanta da ƙasar Biyetnam, inda mashin ya fi namu yawa, ga zafi kamar namu. Su ma da farko sun ƙi hula, har suna kiranta tukunyar dafa shinkafa saboda zafi. Sai wata ƙungiya mai zaman kanta ta kafa masana'antar yin hula marar nauyi mai ƙofofin iska, wadda ta dace da ƙasar zafi, ta riƙa raba wa yara a makarantu, ana ta wayar da kan iyaye shekara da shekaru. Da gwamnati ta zo ta kafa dokar dole a watan Disamba na 2007, kusan kowa ya fito da hularsa. Su sun share fili kafin su yi shuka, mu kuwa mun watsa iri a kan dutse.

UZURORIN DA MUKE BAYARWA

Na sha jin uzurori a majalisa da bakin tasha, bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, wai abin da Allah Ya ƙaddara babu makawa, in kwana ya ƙare hula ba ta hanawa. Gaskiya ne, babu mai ja da wannan. Amma me ya sa muke kulle shago da kwaɗo biyu in za mu tafi gida? Me ya sa muke zuba wa buhun wake magani? Ashe mun yarda da riƙo da sababi a kan dukiya, sai a kan rai ne za mu ce ƙaddara? Malamanmu suna karantar da mu cewa a yaƙin Uhudu Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya saka sulke da kwalkwali, kuma babu wanda ya kai shi tawakkali. Na bar wa malamai sauran bayani.

Na biyu, wai hula al'adar Turawa ce. Duk wanda ya taɓa kallon hawan Sallah a Kano ko Zazzau ko Katsina ya ga 'yan lifidi da kwalkwali a kansu. Tarihin Kano ya nuna tun zamanin Sarki Kanajeji, wajen shekara 600 da suka wuce, aka shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. Barden da ya rufe kansa ba a taɓa kiransa matsoraci ba. Hular kwano kwalkwalin wannan zamani ce, dokin ne kawai ya sauya.

Na uku, tsoron asiri da cuta. A 2009 an yi ta yaɗa cewa in ka saka hular ɗan acaɓa za a iya sace ka ko a juyar maka da hankali, wasu kuma suna ƙyamar gumin wani da ƙwarƙwata da makero. Maganar asiri ban ga wanda ya kawo shaida ba, amma maganar tsafta tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai a keke wannan matsala ba ta taso ba, domin hularka taka ce kai kaɗai, kamar buroshin haƙorinka.

Na huɗu, zafi da nauyi. A nan akwai rashin sani. Hular keke daban, ta mashin daban. Ta keke ba ta da nauyi, tana da ƙofofin shan iska, cikinta wani farin abu ne mai kama da soso mai tauri wanda ake kare rediyo ko talabijin da shi a kwali. In mutum ya faɗi, shi ne yake murƙushewa ya shanye bugun maimakon ƙoƙon kai. Don haka hular da ta taɓa shan bugu mai ƙarfi ta gama aikinta, ko da ba a ga tsagewa ba, sai a sauya. Don haka ne kuma ya kamata a yi hattara da ta gwanjo, a duba ta ciki da waje. Hular leburorin gini ba ta wannan aiki ba ce, hular keke kuma ba ta isa a hau mashin da ita ba. Sannan a zaunar da ita daidai, ta rufe goshi, tazarar yatsa biyu a saman gira, a ɗaure igiyar a haɓa. Hular da ba a ɗaure ba tana riga mai ita isa ƙasa.

Zan kuma faɗi gaskiya, hula ba laya ba ce. Ba za ta ceci wanda tirela ta bi ta kansa ba. A ƙasar Holan, inda keke ya fi mutane yawa, akasarinsu ba sa saka hula, amma suna cikin waɗanda suka fi kowa tsira, saboda tun shekarun 1970 iyaye suka tashi suka matsa wa hukuma a kan yaran da motoci ke kashewa, aka ware wa keke hanyarsa daban. Mu ba mu da wannan, shi ya sa hula ta zama dole a gare mu, tare da birki mai kamawa, da ƙararrawa, da fitila, da abin ƙyalli a baya, da sanin cewa tun 1972 hannun dama ake bi a Najeriya, ba a tunkarar mota gaba da gaba.

YADDA WASU SUKA YI

Kafin in kawo shawarata, ga misali uku daga wuraren da talaucinsu bai fi namu sauƙi ba.

A jihar Bihar ta Indiya, a 2006, gwamnati ta fara ba 'yan matan da suka shiga aji tara kuɗin sayen keke. Masana da suka bi diddigin shirin sun gano shigar 'yan mata sakandare a kan lokaci ta ƙaru da kusan kashi 32 cikin 100, kuma an fi ganin amfanin a ƙauyukan da makaranta ke da nisa. Ba a gina sabon aji ba, nisan kawai aka rage.

A Zambiya da wasu ƙasashen Afirka, ƙungiyar World Bicycle Relief, wadda aka kafa a 2005, tana ba ɗalibai wani keke mai ƙarfi da ake kira Buffalo, wanda kariyarsa ke ɗaukar kilo 100. Abin da ya burge ni ba keken ba ne, tsarin ne. Kwamitin mutanen gari ne ke zaɓen yaran da suka fi nisa da buƙata, yaro da iyayensa su sa hannu cewa keken zai zama nasa in ya ci gaba da zuwa makaranta, sannan a horar da makanikai a cikin garin.

A Gana kuma akwai Village Bicycle Project tun 1999. Su ba kyauta suke bayarwa ba. Suna sayarwa da rangwame, da sharaɗin sai ka zauna an koya maka gyara na yini guda.

Abin da ya haɗa na Zambiya da na Gana shi ne mutanen gari suna ciki, mai karɓa yana da abin da ya ɗauka a wuyansa, kuma an yi tanadin gyara. Mun ga kayan rabon 'yan siyasa a ƙasar nan, keken ɗinki da injin niƙa da mashin, a raba da safe a ɗauki hoto, da yamma ka gan su a kasuwa. Abin da ba ka sa guminka ba, ba ka jin zafin ɓatansa.

SHAWARATA GA MUTANEN ASSAKIO

Ba sai mun jira wata ƙungiya daga Turai ba. Duk abin da ake buƙata muna da shi a garin nan.

Na ɗaya, a kafa ƙaramin kwamiti, kada ya wuce mutum goma, da sanin fadar mai martaba sarkin gari da Sarkin Hausawa. A sa wakilin 'yan kasuwa, da na iyayen yara da malaman makaranta, da liman da fasto, da wakilin 'yan acaɓa da na direbobin tasha, da mai gyaran keke, da mace aƙalla biyu, domin iyaye mata su ne suka fi sanin yaron da ya daina zuwa makaranta.

Na biyu, a yi adashin keke. Adashi ba sabon abu ba ne a wurinmu, iyayenmu mata da shi suke aurar da 'ya'ya. Gida ashirin su riƙa zubi duk ranar kasuwa, duk wanda kwasarsa ta zo ba kuɗi za a ba shi ba, keke za a ba shi da hula. Masu hali a cikinmu su ɗauki nauyin zubin marayu.

Na uku, mu 'yan kasuwa mu yi abin da muka iya, wato sari. Motocin da ke ɗaukar doya daga nan zuwa Arewa suna dawowa, kuma muna da 'yan uwa a kasuwannin Kano da suka san inda ake samun kaya da sauƙi. Wanda ya sayi ashirin a lokaci ɗaya ba farashinsa ɗaya da mai sayen guda ba. A nan ina roƙon iyayenmu, wannan karon a bar riba, a ɗauke ta a matsayin sadaka mai gudana.

Na huɗu, kuma wannan shi ne ƙashin bayan maganar, keke da hula farashinsu ɗaya ne, ba a raba su. Kada a ba uba zaɓin ya ce a cire kuɗin hula, domin in aka ba shi zai cire, ni ma na san halin da ake ciki. Makaranta kuma ta sa ido: wanda ya zo a keke babu hula, a ajiye keken sai uban ya zo. Wannan ya fi tarar jami'i tasiri, domin malamin ya san yaron, ya san gidansu.

Na biyar, kada a miƙa keke sai an yi wa yaro horo na yini ɗaya: yadda ake faci, da ɗaure birki, da sa wa sarƙa mai, da yadda ake tsallaka titi da ba da hannu kafin a karya kwana. A gayyato jami'an Hukumar Kiyaye Haɗura daga Lafia su zo su koyar, wayar da kai yana cikin aikin da aka kafa su dominsa tun 1988. Gara yaro ya fara ganinsu a matsayin malamai kafin ya gan su a shinge. Masu gyaran keken da muke da su kuma a ba kowannensu yaro ɗaya ko biyu su koya, ga sana'a ta samu.

Na shida, kwamitin ya rubuta wa hukuma da murya ɗaya a nemi alamun rage gudu da tudun rage gudu na ƙa'ida a gaban makarantu da bakin kasuwa. Direbobin tasha kuma shugabanninsu su ja musu kunne, mai keke ba kaza ba ce da za a danna wa oda a ce ta yi ta kanta.

Na bakwai, kuɗi a rubuce. Duk wata a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban kowa. Ƙungiyoyinmu da yawa ba rashin niyya ya kashe su ba, rashin littafi ne.

Game da 'yan mata, na san akwai iyayen da ba za su so ba, kuma ba na ganin a tilasta wa kowa. Amma wanda ya yarda, a samo wa 'yarsa keken mata marar sanda a tsakiya, mai murfin sarƙa da raga a ƙafar baya, saboda kada hijabi ko zani ya naɗe. Hula tana zama a kan hijabi lafiya lau. Uba ya auna da kansa: 'yarsa a kan kekenta tare da ƙawayenta, ko a bayan mashin ɗin wanda bai sani ba, ko kuma a gida babu karatu.

ME YA SA DA MAƘWABTA?

Wani zai ce me ya sa ba za mu yi abinmu a unguwarmu mu kaɗai ba? Amsa ita ce titin ɗaya ne. Motar da ta ƙwace ba ta tambayar yaro ko Alago ne ko Eggon ko Tibi ko Bafulatani ko Bahaushe. Aji ɗaya suke zama, hanya ɗaya suke bi.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. Duk wanda ya yi wayo a garin nan bai manta da rikicin 2012 da na 2013 ba, yadda aka ƙona gidaje, kasuwa ta watse, mutane suka yi gudun hijira. A irin wannan rana babu mai riba, kuma ɗan kasuwa yana cikin waɗanda suka fi asara, domin jarinsa a fili yake. Zaman lafiya ba a taron sulhu kaɗai ake gina shi ba, ana gina shi ne a ƙananan ayyukan da ke sa mutane su zauna a tabarma ɗaya su ƙirga kuɗi tare, su yarda da juna.

Sau da yawa ana yi mana kallon mutanen da suka zo neman kuɗi kawai, mu saya da araha mu loda a mota mu kai wani wuri. Mu ma wani lokaci muna ɗaukar kanmu haka, muna cewa baƙo raɓa ne, alhali a nan aka haife mu, a nan aka haifi iyayen wasunmu, a nan maƙabartarmu take. Raɓar da ta shekara hamsin ba ta bushe ba ai ta zama ruwan gari. Idan muna so a ɗauke mu 'yan gari, to mu riƙa yin abin da 'yan gari ke yi, wato ɗaukar nauyin matsalar gari. Ranar da manomin da muke sayen doyarsa ya ga ɗansa ya dawo daga makaranta a kan keken da aka saro da taimakon 'yan kasuwar Hausawa, da hula a kansa, ranar an ƙulla abin da jawabin awa uku ba zai ƙulla ba.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 3 ga Yuni ta kowace shekara a matsayin ranar keke ta duniya, tun 2018. Ba na cewa mu yi biki ko mu buga riguna. Ina cewa mu sa wa kanmu ita a matsayin wa'adi: kafin ta zagayo, a ce yara ashirin a Assakio, daga kowace unguwa da kowane addini, suna zuwa makaranta a kan keke da hula a ka. Ashirin kawai. In abin ya yi kyau, sauran iyaye da kansu za su zo neman shiga, domin gani ya kori ji.

Ina kira ga iyayenmu dattawa da su yi haƙuri da ƙuruciyata su duba maganar, su kai ta inda muryata ba ta isa ba. Samari 'yan uwana kuma, mu ne za mu fara. Yaro ba ya jin wa'azi, abin da ya ga yayansa yana yi shi yake kwaikwaya. In kana da mashin, nemi hularka ka saka tun yau. In kana da tsohon keke a zaure ya yi ƙura, fito da shi a kai wa mai gyara.

Allah Ya tsare mu da zuri'armu a kan hanya, Ya zaunar da garinmu da jiharmu lafiya, Ya sa albarka a kasuwanninmu da gonakinmu. Amin.